Kafin a Taɓa Ƙodar Dattijo, a Dubi Tafiyarsa

A watan Yuni na shekarar 1990, a birnin St. Louis na Amurka, likitan tiyata Ralph Clayman da abokan aikinsa suka cire ƙodar wata mata ba tare da sun tsaga mata ciki ba. Ƙananan huji suka yi, suka zura kyamara da siraran kayan aiki, suka shafe kusan awa bakwai a kanta. Wannan ne karo na farko da aka cire ƙodar ɗan Adam ta wannan hanya, shi ya sa likitoci ke yawan ba da labarin. Sai dai akwai abubuwa biyu a cikinsa da ba a cika tsayawa a kansu ba. Na farko, shekarun matar 85, kuma ta warke ta koma gida. Na biyu, da aka kai ƙarin da ya jawo aikin ɗakin gwaje-gwaje, sai aka tarar ba kansa ba ne, irin ƙarin nan ne da ba ya yaɗuwa. Tun daga wannan rana tambayoyi biyu suke tsaye a kan duk tsohon da aka ga wani abu a ƙodarsa: shin jikinsa zai ɗauki aikin, kuma shin aikin ya zama dole? Ra'ayina shi ne yawan shekaru ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke amsa su shi ne sauran ƙarfin da ke ajiye a jikin mutum, kuma auna wannan ƙarfi kafin tiyatar ƙoda ya kamata ya zama wajibi kamar awon jini.

Kowa ya san dattawa biyu da aka haifa shekara guda, ɗaya yana zuwa gona da ƙafarsa, ɗayan kuwa sai an kama shi kafin ya miƙe daga tabarma. Wannan na biyun shi ne ake cewa jikinsa ya yi laushi, ko ƙarfinsa ya ƙare, kuma mutane sun daɗe da ganin haka da ido. Abin da likitanci ya ƙara shi ne ma'auni. A 2001 Linda Fried, wadda a lokacin take Jami'ar Johns Hopkins a Baltimore, ta fitar da alamomi biyar bayan nazarin mutane fiye da 5,000 masu shekara 65 zuwa sama: ramewa ba da niyya ba har kimanin kilo 4.5 cikin shekara guda, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku daga ciki, shi ne mai raunin jiki. Mai ɗaya ko biyu yana kan hanya. Kusan kashi 7 cikin ɗari na mutanen suka faɗa rukunin farko. A Kanada kuma Kenneth Rockwood na Jami'ar Dalhousie ya bi wata hanya dabam, ta ƙirga duk abubuwan da suka taru wa mutum na cuta da gazawa, sannan a 2005 ya fitar da ma'auni mai sauƙi wanda daga baya ya zama mai mataki tara, daga mai cikakken kuzari zuwa wanda ke gab da ajali. Hanyoyin sun bambanta, amma abu guda suke nema. Misalinsa kamar gidaje biyu ne a unguwa ɗaya, duka ana ɗora tukunya kullum, ba a gane wanda rumbunsa ya kusa ƙarewa sai shekarar da ruwa ya ɗauke. Tiyata ita ce wannan shekara.

Hujjar farko mai ƙarfi a fagen tiyata ta zo a 2010, lokacin da Martin Makary da tawagarsa a Johns Hopkins suka auna majiyyata 594 masu shekara 65 zuwa sama da ma'aunin Fried kafin a yi musu aikin da aka tsara. Masu raunin jiki sun fi masu ƙarfi haɗarin samun matsala bayan tiyata da kusan ninki biyu da rabi, sun fi daɗewa a gadon asibiti, kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin waɗanda suka zo daga gidajensu amma aka sallame su zuwa gidan kula da gajiyayyu. Abin da ya fi jan hankali shi ne da aka ƙara wannan awo a kan ma'aunan da likitocin sa barci suka saba amfani da su, sai hasashen ya ƙara daidaito. Wato akwai wani abu da tsofaffin ma'aunan ba sa gani. Da aka koma kan ayyukan ƙoda da mafitsara, nazarin da aka yi ta yi a rumbun bayanan Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka, mai ɗauke da dubun-dubatar majiyyata, ya nuna hanya ɗaya: gwargwadon raunin jiki, gwargwadon yawan ciwon huhu, da ƙarin jini, da komawa asibiti bayan sallama, da mutuwa cikin kwana 30. A fagen dashen ƙoda ma haka. A 2012 masu bincike a Johns Hopkins suka bi mutane 183 da aka yi wa dashe, suka ga masu raunin jiki sun kusan ninka sauran wajen samun ƙodar da ta yi jinkirin fara aiki har sai an koma wankin ƙoda a makon farko. Mara McAdams-DeMarco da Dorry Segev suka ci gaba da nuna cewa irin waɗannan majiyyata sun fi saurin komawa asibiti, kuma haɗarin mutuwarsu ya haura ninki biyu. Da yawa daga cikinsu ba tsofaffi ba ne, ciwon ƙoda ne ya tsufar da jikinsu tun kafin lokaci.

Dalilin da ya sa ƙoda ta bambanta da sauran gaɓoɓi ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙodoji biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ke bugowa, don haka yanka a cikinsu yanka ne a wurin da jini ke gudu. Idan aka cire ƙoda gaba ɗaya, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki wani ɓangare na aikin 'yar'uwarta, amma ƙodar tsoho mai hawan jini ko ciwon suga ba ta da wannan sarari sosai. Idan kuma ƙarin kaɗai za a yanke a bar sauran, sau da yawa sai an matse jijiyar jinin ƙodar na wasu mintuna, kuma bayan an ɗinke akwai haɗarin zubar jini ko ɗigar fitsari daga wurin. Mai ƙarfi yakan sha ɗaya daga cikin waɗannan ya wuce. Ga mai rauni kuwa, matsala ɗaya ce ke kiran ta gaba. Ƙoda ta ɗan ja baya, sai maganin kashe zafi ya taru a jini, sai hankali ya ruɗe da dare, sai a hana shi sauka daga gado don kada ya faɗi, sai majina ta kwanta a huhu, sai abinci ya ƙi shiga. Wani gwaji da aka buga a 2007 ya nuna cewa ko tsofaffi masu ƙoshin lafiya, idan suka kwanta kwana goma cur, suna rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. To ina ga wanda ya shigo asibiti da ƙafafun da dama suke rawa? Irin wannan majiyyaci za a rubuta cewa aikinsa ya yi nasara, an cire ƙari tas, amma ya koma gida bai sake iya zuwa bayan gida da kansa ba.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanci ƙoda, wanda ko likita mai lura zai iya faɗawa. Gwajin da aka fi yi don sanin lafiyar ƙoda shi ne awon kiriyatinin a jini, wani datti da ƙoda ke tacewa. Idan ya yi ƙasa sai a ce ƙoda tana aiki. Amma daga tsoka kiriyatinin yake fitowa. Tsohuwar da tsokarta ta zube tana samar da kaɗan ne ƙwarai, don haka takardar gwajinta za ta iya fitowa fes alhali ƙodarta ta yi nisa da gajiya. Wato wadda ta fi kowa buƙatar a yi hattara da ita, ita ce takardarta ta fi kwantar da hankali. Akwai wani gwaji, na sistatin C, da bai dogara da tsoka haka ba, amma ba wanda zai tuna da shi sai wanda ya fara lura cewa majiyyaciyar da ke gabansa ta rame. Haka nan hoton CT da aka ɗauka don ganin ƙarin yana nuna kaurin tsokar da ke gefen ƙashin baya, kuma an daɗe da sanin cewa sirancewarta na tafiya tare da mummunan sakamako. Bayanin yana nan a hoton da aka riga aka biya kuɗinsa.

Za a iya cewa, to in an san mutum mai rauni ne sai me, ai kansa ba ta jira. A wasu cututtukan wannan magana tana da nauyi, amma a ƙoda zaɓi yana da faɗi. Kansar ƙoda tana kama mutane fiye da 400,000 a duniya kowace shekara, kuma a ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoton ciki, akasari ana tsintar ta ne tana ƙarama, lokacin da ake neman wani abu dabam. Daga cikin ƙarin da bai wuce santimita 4 ba, kusan ɗaya cikin biyar ba kansa ba ne ma, kamar na matar St. Louis. Waɗanda ake sa wa ido ba tare da an taɓa su ba, matsakaicin ƙaruwar girmansu bai wuce milimita 3 a shekara ba, kuma kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kawai ke bazuwa a shekarun farko. A 2010 Brian Lane da abokan aikinsa suka duba majiyyata 537 masu shekara 75 zuwa sama a asibitin Cleveland, masu ƙarin da bai fita daga ƙoda ba. Ba su ga shaidar cewa yi musu aiki ya ƙara musu tsawon rai ba. Ciwon zuciya da jijiyoyin jini ne ya fi kashe su, kansar kuwa kashi 4 cikin ɗari kawai na mace-macen ta jawo. Ga mai raunin jiki da ke da ƙaramin ƙari, ana iya bibiyarsa da hoto lokaci-lokaci, ana iya zura allura ta fata a daskarar da ƙarin ko a ƙone shi, kuma a 2024 wani gwaji da Shankar Siva ya jagoranta daga Ostireliya a kan mutane 70 da tiyata ba ta dace da su ba ya nuna cewa haska ƙarin da hasken radiyeshon mai saiti ya tsayar da shi a wurinsa a dukansu cikin lokacin da aka bi su. Ko a cikin tiyatar ma akwai zaɓi. A babban gwajin Turai da Hein Van Poppel ya jagoranta, wanda aka raba majiyyata 541 ta hanyar ƙuri'a, yanke ƙarin kaɗai ya fi adana aikin ƙoda amma ya fi jawo zubar jini da ɗigar fitsari, kuma bai ƙara tsawon rai ba. Wanda ke da shekara talatin a gabansa yana da dalilin ɗaukar wannan haɗari don ya tsira da ƙodarsa. Wanda ba zai jure komawa ɗakin tiyata karo na biyu ba, mai yiwuwa aiki mafi sauƙi ya fi masa.

Suka ta farko da ake yi wa wannan awo ita ce gogaggen likita ba ya buƙatar takarda, da ya ga majiyyaci ya shigo ya san ko zai ɗauka. Ba na raina idon ƙwararre. Amma majiyyaci yakan zo asibiti ne a ranar da ya fi shiryawa, cikin babbar riga da ke ɓoye ramarsa, 'ya'yansa na gefe suna amsa tambayoyi a madadinsa, shi kuma yana zaune. Ido yana ganin furfura da sanda, sai ya tsorata da ɗan shekara 82 mai ƙarfi, ya saki jiki da ɗan shekara 63 mai ƙiba wanda tsokarsa ta ƙare a ƙarƙashin kitse. Awon kuwa bai kai minti goma ba: a sa shi ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna ana duba agogo, a ba shi abin matsewa a hannu, inda masana a Turai suka sa iyaka ƙasa da kilo 27 ga maza da 16 ga mata, a tambaye shi ko tufafinsa sun yi masa yawa a bana. Saurin tafiya da ya gaza mita 0.8 a daƙiƙa shi kaɗai ya isa ya sa a dakata a sake tunani.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma dole a ɗauke ta da gaske. Ana fargabar cewa da zarar an rubuta wa mutum "mai rauni" a fayil, an ba asibiti hujjar juya masa baya, musamman inda gadaje suka yi kaɗan ko ƙodar dashe ba ta isa ba. Wannan haɗari ne na gaske. Amma abin da aka gani inda aka yi awon da kyakkyawar niyya ya nuna wata fuska. A asibitin tsofaffin sojoji da ke Omaha a jihar Nebraska, an fara tantance duk wanda za a yi wa babbar tiyata, kuma idan aka ga mai rauni sai shugaban sashen ya duba fayil ɗinsa, likitocin tiyata da na sa barci da na kulawa ta musamman su tattauna, a sake zama da majiyyacin. Daniel Hall da abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2017, a kan mutane fiye da 9,000: mutuwa cikin kwana 30 a tsakanin masu rauni ta sauko daga kusan kashi 12 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. Kwatancen kafin da bayan ne, ba a raba mutane ta ƙuri'a ba, don haka ba za a ɗora duk sauƙin a kan awon ba. Duk da haka waɗannan mutane ne da aka yi musu aikin, ba waɗanda aka kora ba. A dashen ƙoda kuma an ga cewa rauni yakan ƙaru a watan farko, amma zuwa wata na uku da yawa sun fi yadda suke kafin dashe ƙarfi, domin ciwon ƙodar ne tushen raunin. Hana irin wannan mutum dashe saboda rauninsa daidai yake da hana mai ƙishi ruwa saboda leɓensa ya bushe.

Suka ta uku ta fito daga cikin masu binciken kansu, kuma a nan ina tare da su zuwa wani matsayi. Yawancin alƙaluman tiyatar ƙoda an samo su ne ta hanyar komawa tsofaffin fayiloli, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi a can abubuwa biyar yake ƙirgawa: ciwon suga, hawan jinin da ake shan magani, gazawar zuciya, daɗaɗɗen ciwon huhu, da dogaro da wani wajen hidimar kai. Huɗu daga ciki jerin cututtuka ne kawai, ba su ce komai game da ƙarfin ƙafa ko hannu ba. Manomi mai hawan jini da suga da ke huɗa da kansa zai sami maki biyu, tsohuwar da ta rame ta daina fita tsakar gida amma ba a taɓa auna jininta ba za ta sami sifili. Wannan aibi ne na ma'aunin da aka ƙera don ya dace da abin da ke cikin kwamfuta. Maganinsa shi ne a koma ga majiyyacin kansa a sa shi ya yi tafiya, domin a binciken da aka auna mutane ido da ido kafin aiki, irin na Makary da na masu dashe, sakamakon bai canza ba.

Maganar ƙarfafa jiki kafin tiyata ita ce inda shaida ta fi rarrabuwa, kuma bai kamata a sayar wa mutane abin da ba a tabbatar ba. A Barcelona ta Sifaniya, wani gwaji na 2018 a kan majiyyata masu haɗari da za a yi wa babbar tiyatar ciki ya nuna cewa makonnin motsa jiki a ƙarƙashin kulawa sun rage masu samun matsala daga kashi 62 zuwa 31 cikin ɗari. Amma a Montreal, gwajin Franco Carli na 2020 a kan masu rauni da ke da kansar hanji bai ga bambanci ba, haka ma na Daniel McIsaac a Ottawa a 2022, inda aka ba mutane atisaye su yi a gida, da yawa kuma ba su iya cika shi ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne makonni huɗu ba sa maido abin da shekaru goma suka kwashe, kuma miƙa wa gajiyayye takardar atisaye ya tafi da ita ba magani ba ne. Abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne cikakken duban likitan tsofaffi kafin aiki, irin wanda asibitin Guy's da St Thomas' na Landan ya fara tun 2003: a gyara ƙarancin jini, a rage tarin magungunan da ke ruɗa hankali, a inganta abinci, a tsara tun farko wanda zai kula da shi bayan sallama. A gwajin da suka yi a kan masu tiyatar jijiyoyin jini, kwanakin zaman asibiti sun ragu daga kimanin biyar da rabi zuwa uku da ɗoriya. Tiyatar huji da ta na'urar robot ma sun rage zafi da zubar jini, amma ƙodar da aka cire ta tafi ko ta wace ƙofa ta fita, kuma awannin da aka yi cikin maganin barci jiki ne ke biyan su.

A asibitocinmu hoton ya ɗan bambanta. Ƙarin ƙoda yakan zo ne bayan ya girma har ana jin sa da hannu, ko fitsari ya koma jini, don haka zancen sa ido a jira bai cika tasowa ba, sai dai babbar tsaga. Wannan ya ƙara wa awon muhimmanci, domin aikin ya fi girma, gadajen kulawa ta musamman sun yi kaɗan, kuma kowane ƙarin kwana a asibiti daga aljihun dangi yake fita. Dashen ƙoda ma ba baƙon abu ba ne, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin sa tun 2002. Ga kuma dattawa da yawa da ba su da takardar haihuwa, sai a ce an haife su zamanin sarki kaza, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a gina hukunci a kan shekaru. Gaskiya ne iyakokin ma'aunan a kan mutanen Amurka da Turai aka yanke su, kuma tambaya irin ta "kana jin gajiya?" ba za ta samu amsa daga dattijon da kunya da tawakkali suka koya masa ya ce "da sauƙi, alhamdulillahi" ko yana kwance ba. Sai a tambaye shi abin da rayuwarsa ta sani. Har yanzu yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko ya koma yin sallah a gida? A tsaye yake yin ta ko a zaune, kuma tun yaushe? Yana iya tsugunawa ya yi alwala ya miƙe ba a kama shi ba? Tsohuwar tana ɗaukar butarta da kanta? Amsoshin nan, tare da agogo da layin mita 3 da aka ja a ƙasan ɗakin duba marasa lafiya, su za su gaya wa likita ko ya tanadi ƙarin jini, ko ya jinkirta mako biyu a ciyar da majiyyacin, da kuma wane ne cikin 'ya'yan zai kwana kusa da gadon don a tashe shi ya taka washegarin aiki.